Wuta da Ƙanƙara Sun Yi Kunnen Doki

A shekarar 2016 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da likitocin zuciya suka daɗe suna dako. Marasa lafiya 762 aka tara daga asibitoci 16 a ƙasashen Turai 8, dukkansu masu fama da wani rikicewar bugun zuciya da ke tasowa, ya lafa, ya sake tasowa. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka zura musu siririn bututu har cikin zuciya aka ƙona wasu wurare da zafi, ɗaya rukunin kuma aka daskarar musu da waɗannan wurare da sanyin da ya fi na ƙanƙara. Farfesa Karl-Heinz Kuck na birnin Hamburg a Jamus ne ya jagoranci aikin, sunan gwajin kuwa FIRE AND ICE. Da aka yi lissafin shekara guda, aikin ya gaza ga kashi 35.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa da zafi, da kashi 34.6 na waɗanda aka yi wa da sanyi. Kunnen doki ke nan.

Bayan shekara bakwai aka aza makami na uku a sikeli, wanda ba ya ƙuna kuma ba ya daskararwa, bugun lantarki kawai yake saki na ƙiftawar ido. A gwajin ADVENT na 2023 a Amurka, mai mutum 607, aka gwada shi da tsofaffin biyu. Sabon ya yi nasara ga kashi 73.3, tsofaffin ga kashi 71.3.

Ruwa ba ya tsami banza. Makamai uku ne da ba su yi kama ba ko ta ina, kamfanoni suna ta gasa a kansu da maƙudan kuɗi, amma duk lokacin da aka aza su a sikeli sai su tashi kusan daidai, kuma kowanne ya bar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu da ciwonsa. Me ya sa?

Sai mun fara sanin ciwon. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini su miƙa wa na ƙasa, na ƙasa su harba shi huhu da sauran jiki. Umarnin kowane bugu yana fitowa daga wani ɗan gungun ƙwayoyi a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti. A wannan ciwo, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, ɗakunan sama suna daina matsawa, sai dai karkarwa, lantarki na zagaya bangonsu sau 300 zuwa 600 a minti ba tsari. Wani zai ji faɗuwar gaba da haki da kasala, wani ba ya jin komai sai ranar da likita ya taɓa jijiyar hannunsa. Babban haɗarin shi ne jini ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin hagu, ya yi guda, gudan ya bi jijiya ya toshe wani wuri a ƙwaƙwalwa. Mai AF haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya ninka na sauran mutane kusan sau 5.

Shekara da shekaru masana sun ɗauka ba wani takamaiman wuri da za a ɗora wa laifi. Gordon Moe na Amurka ya kawo ra'ayin, tun wajen ƙarshen shekarun 1950, cewa ƙananan igiyoyin lantarki ne da yawa ke yawo a bangon ɗakin, suna karo, suna rabuwa, suna haifar juna. Maurits Allessie na Maastricht a ƙasar Holan ya nuna irin wannan a zukatan karnuka a 1985. In haka ne, maganin shi ne a ƙuntata musu filin yawo. Abin da likitan tiyata James Cox ya yi ke nan a St. Louis a 1987: ya buɗe ƙirji, ya tsattsaga bangon ɗakunan sama, ya ɗinke, domin lantarki ba ya ƙetare tabo. Aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba kowa za a buɗe wa ƙirji saboda faɗuwar gaba ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin zana layukan Cox daga ciki da siririn bututun nan da ake kira kateta sun sha wuya, awa da awa suna aiki, sakamakon bai taka kara ya karya ba.

A Bodo ta Faransa aka sauya tambayar. Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a asibitin Haut-Lévêque suka bar batun yadda rikicin ke ɗorewa, suka koma neman inda bugun farko yake fitowa. Suka zaɓi marasa lafiyar da ciwon ke taso musu a kai a kai, suka jera kateta masu sauraron lantarki a cikin zuciyarsu, suka zauna jira. Da rikici ya tashi sai su duba wace kateta ce ta fara jin motsi, su matsa kusa da wurin, su sake jira. Sawun ya kai su ɗakin hagu. Da suka ci gaba da binsa sai ya fita daga zuciyar gaba ɗaya, ya shige cikin jijiyoyi huɗu da ke dawo da jini daga huhu. A watan Satumba na 1998 suka buga abin da suka gani: mutum 45, wuraren tashin rikici 69, kuma 65 daga ciki suna cikin jijiyoyin huhu, santimita 2 zuwa 4 daga bakinsu. (A riƙe ragowar huɗun nan, za mu sake haɗuwa da su.)

To me ya haɗa jijiyar jini da lantarki? Amsar tana kwance a ɗakin karatu tun 1966. Wasu masana biyu a Isra'ila, Nathan da Eliakim, sun feɗe zukata sun nuna cewa naman bangon ɗakin hagu ba ya tsayawa a bakin jijiyar, yana kutsawa ya lulluɓe ta na ɗan tsawo. Tsokar zuciya ce zaune a inda ba a zata ba, zarenta a hargitse, kuma tana iya sakin lantarki da kanta. Shekara 32 bayanin yana ajiye kafin a san amfaninsa.

Mutanen Bodo suka ƙona wuraren, kashi 62 cikin 100 suka samu lafiya tsawon watannin da aka bi su. Sai matsaloli biyu suka ɓullo. Wurin da ke tayar da rikici yana iya yin lamo ranar aiki, likita ya yi ta jira a banza, ko ya kashe ɗaya wani ya farka a wata jijiyar. Sannan ƙuna a cikin jijiya tana tsuke ta idan ta warke, mutum ya koma yana haki da tarin jini, har a yi ta ba shi maganin ciwon huhu ba a gane ba. Zuwa shekarar 2000, a Bodo da kuma wajen Carlo Pappone a Milan, dabara ta sauya. Aka daina farautar mai laifi. Aka koma zagaye bakin jijiyoyin da tabo, duk abin da ke ciki ya yi ta harbinsa, ba zai isa zuciya ba. Dangar kara ce dai irin wadda ake yi wa gona: ba ruwan manomi da sanin akuyar wa ce, muddin ba ƙofa.

Wannan ne zaren farko na amsarmu. Wuta, ƙanƙara da lantarki duk danga ɗaya suke kafawa, a wuri ɗaya, saboda masu laifi ɗaya.

Ga yadda aikin ke gudana da wuta. Majinyaci yana kwance, an lulluɓe shi, an bar matsematsin cinyarsa na dama. Ta nan ake shiga babbar jijiya a haura har ɗakin dama, a huda siririn bangon da ya raba shi da na hagu da doguwar allura. Ana saka kateta mai lanƙwasa kamar zobe a bakin jijiyar huhu, tana nuna lantarkin cikinta a allon kwamfuta, 'yan tsinin layuka masu tsalle da kowane bugu. Wata katetar mai kan ƙarfe, wanda bai kai milimita 4 ba, ita ke ƙuna, ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo sai naman ya wuce digiri 50 kafin ya mutu, ruwan gishiri na fesowa daga bakinta don kada jini ya ƙone a kai. Kwamfuta tana zana hoton ɗakin, tana ɗora jan ɗigo duk inda aka taɓa. Idan zoben ya kusa haɗuwa sai idon kowa ya koma kan allo. Tsinin layukan suna jinkiri, suna jinkiri, sai su ɓace lokaci guda. An rufe jijiya.

In an rufe, don me ciwon ke dawowa? A 2005 Feifan Ouyang da Kuck suka ba da rahoton waɗanda suka dawo Hamburg da ciwo bayan an kammala musu zobe. Cikin mutum 26 da aka sake shiga zuciyarsu, 21 lantarki ya samu hanyar fita. Daga baya Kuck ya yi wani gwaji mai ban mamaki, GAP-AF, mai mutum 233, inda aka bar wa rabi ɓaraka da gangan, rabi aka rufe ruf, sannan bayan wata uku aka koma aka duba, masu ciwo da marasa ciwo. Waɗanda aka rufe wa sun fi samun sauƙi, wannan ba mamaki. Abin da ya girgiza mutane shi ne, cikin waɗanda likita ya tashi yana da tabbacin ya rufe, kashi 70 cikin 100 an tarar da ɓaraka.

Ashe allon yana ruɗin mai kallonsa. Zafi yana kashe ƙwayoyin da ke tsakiyar ɗigo, amma na gefe suma kawai suke yi, ga kumburi ya danne su. Ranar aiki shiru suke, bayan makonni kumburi ya saɓe, su farfaɗo. Laurent Macle na Montreal a Kanada ya nuna a 2015 cewa in aka yi allurar wani magani mai suna adenosin nan take bayan aiki, kashi 53 cikin 100 na marasa lafiya za a ga wani sumamme ya motsa. An kuma gano cewa hannun likita ba ya sanin ƙarfin da kateta ke danna bango da shi. Da aka ƙera mai ma'auni a baki, wani ƙaramin bincike na 2012 ya nuna duk waɗanda aka danna musu ƙasa da giram 10 ciwonsu ya dawo, alhali 8 cikin 10 na waɗanda aka danna wa sama da giram 20 sun zauna lafiya. A Bruges ta Beljiyam, Mattias Duytschaever ya kafa ƙa'idar kada tazarar ɗigo da ɗigo ta wuce milimita 6.

Mai karatu zai ce, to a ƙara wuta mana, a ƙona har ya ratsa. Nan ne maƙwabta suka shigo zancen, kuma a ganina nan ne ainihin bambancin makaman yake, ba a alƙaluman nasara ba.

Bayan bangon ɗakin hagu, tazarar 'yan milimita kawai, bututun abinci ne ke gangarawa daga maƙogwaro zuwa ciki. Zafin da ya ratsa bango yana iya taɓa shi. Ba a ganin komai ranar. Bayan mako biyu zuwa huɗu gyambon ya huje, hanya ta buɗe tsakanin bututun abinci da zuciya, iska da ƙwayoyin cuta su shiga jini. Wani bincike na 2023, POTTER-AF, ya tattara ayyuka 553,729 ya samu irin wannan sau 138. Kaɗan ne ƙwarai, amma kusan biyu cikin uku na waɗanda abin ya faɗa wa sun rasu, kuma mafi yawansu da wuta aka yi musu aiki. Duk likitan da ya san wannan zai sassauta hannu a bangon baya, kuma inda aka sassauta nan ɓaraka ke samun wurin zama.

Ƙanƙara nata maƙwabcin daban. Balan-balan ne mai faɗin milimita 28 ake hurawa a toshe bakin jijiya da shi, a fesa rini a duba a hoto ko yana yoyo, sannan a saki iskar gas a ciki, sanyi ya sauka ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifiri na minti uku ko huɗu. Zobe guda a tashi ɗaya, shi ya sa ya fi sauri, minti 124 maimakon 141 a gwajin Kuck, kuma ya fi sauƙin koyo. Amma kusa da jijiyoyin huhu na dama akwai jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki. Don haka idan za a daskarar da gefen dama, ana saka wata kateta tana tsokanar wannan jijiya da ɗan lantarki, cikin majinyaci ya riƙa zillo kamar mai shaƙuwa. Wani daga cikin ma'aikata yana aza tafin hannunsa a kan cikin, bai da aiki sai jin wannan zillo. Da ya ji ya yi rauni zai yi magana, a sace balan-balan nan take, ko an gama ko ba a gama ba. Duk da wannan tsaro, kashi 2.7 cikin 100 na rukunin sanyi sun bar asibiti jijiyar ba ta farfaɗo ba, rukunin wuta kuwa ko ɗaya.

Zare na biyu ke nan. Zafi da sanyi ba su san naman zuciya daga na maƙwabci ba, saboda haka dukansu ana janye su kafin su gama.

Makami na uku an ƙera shi ne don ya warware wannan. Bugun lantarki na wajen bolt 2,000, wanda ba ya kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, yana huda fatar ƙwayar halitta da ƙananan ramuka har ta mutu, kuma ƙwayar tsokar zuciya ta fi ta bututun abinci da ta jijiyar motsi saurin mutuwa da shi. Abin dariya, sabon nan jikan tsoho ne. Aikin farko na kashe naman zuciya da kateta a jikin ɗan Adam, wanda Melvin Scheinman ya yi a San Francisco a 1981, da bugun lantarki aka yi shi, sai dai ɗanye ne mai fashewa, shi ya sa aka yar da shi aka kama wuta. Vivek Reddy na New York da Petr Neužil na asibitin Na Homolce a Prag ne suka dawo da shi a gyare. Sun ɗauki darasin Hamburg: bayan wata uku suna komawa su duba. Da salon bugun farko, kashi 18 cikin 100 kawai aka tarar duk jijiyoyinsu a rufe. Suka yi ta gyara salon har rukunin ƙarshe ya kai 100 bisa 100. Turai ta amince da na'urar mai suna Farapulse a 2021, Amurka a Janairun 2024.

Ta fuskar maƙwabta, alƙawarin ya cika. Rahoton MANIFEST-17K na 2024, mai mutum 17,642 a asibitoci 106, bai samu hujewar bututun abinci ko tsukewar jijiyar huhu ko shanyewar tantanin numfashi mai ɗorewa ba ko sau ɗaya. Amma sababbin maƙwabta sun yi kuka. Jijiyar da ke ciyar da zuciya kanta takan ƙanƙance na ɗan lokaci, ga kashi 0.14, kuma in aka yawaita bugu jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, har mutum 5 suka buƙaci wankin ƙoda. A gwajin ADVENT ma mutum ɗaya ya rasu a rukunin sabon makamin, kateta ta huda bangon zuciya. Ya kamata kuma a sani cewa kamfanin da ke ƙera balan-balan ne ya ɗauki nauyin FIRE AND ICE, mai ƙera Farapulse kuma ya ɗauki na ADVENT. Wannan bai ɓata alƙaluman ba, amma ni nakan karanta su da ido biyu.

Saura tambaya mafi wuya. In sabon makami yana kafa danga mai ƙarko ba tare da tsoron maƙwabci ba, don me bai yi wa tsofaffin fintinkau ba?

Wani ɓangare na amsar yana cikin mudun da ake awo da shi. A al'adar waɗannan gwaje-gwaje, ana yafe watanni uku na farko, bayan nan duk wanda aka kama da rikicin bugu na daƙiƙa 30 an rubuta shi cikin waɗanda aiki ya gaza musu. Wanda a da yake kwana biyu a mako cikin ciwo, yanzu ya yi minti ɗaya a shekara, sunansa ɗaya da wanda bai samu sauƙi ko kaɗan ba. Kuma kamawar ta danganta da yawan dubawa. Jason Andrade na Kanada ya fito da wannan fili a 2019. Ya dasa wa mutum 346 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji mai sauraron zuciya dare da rana, sannan ya raba su tsakanin wuta da ƙanƙara. Da ma'aunin daƙiƙa 30, nasara ta faɗo zuwa kashi 52 zuwa 54, a kowane rukuni. Da aka auna yawan lokacin da mutum ke shafewa cikin ciwon, sai aka ga ya ragu da kusan kashi 99. Mutanen nan ɗaya ne, aikin ɗaya ne. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki 73 na wannan gwaji a jera da 65 na wancan a ce wani ya fi.

Da aka gwada sabon makami da irin wannan kunne mai kaifi, canjaras ɗin ya fara karyewa. A Suwizalan, Tobias Reichlin na Bern ya raba mutum 210 tsakanin bugun lantarki da balan-balan, kowa da na'urarsa a ƙirji. Sakamakon 2025: ciwo ya dawo wa kashi 37.1 na rukunin lantarki, da kashi 50.7 na rukunin sanyi. Rata ce ta gaske, amma mutanen kaɗan ne, kuma da ƙyar ta tsallake ma'aunin masu lissafi. Ina ganin sabon ya ɗan fi, ya fi sauri, ya fi aminci ga bututun abinci. Ban ga hujjar cewa wanda ƙwararre zai yi wa aiki da wuta ya ƙi ba.

Ɗaya ɓangaren amsar shi ne ragowar huɗun nan na Bodo. Uku a ɗakin dama suke, ɗaya a bangon bayan ɗakin hagu, wato a cikin gonar. Komai ƙarkon danga ba ta tare su. Kuma yayin da ciwon ke tsufa, ya tashi daga mai zuwa ya tafi ya zama mai zama daram, bangon ɗakin kansa yana buɗewa yana yin tabo, zancen Moe da Allessie ya dawo da ƙarfinsa. Likitoci sun ɗauka ƙarin ƙuna zai magance wannan. Atul Verma ya gwada a mutum 589 masu ciwon da ya zauna, ya buga a 2015: waɗanda aka yi wa zobe kawai, kashi 59 sun rabu da ciwon bayan wata 18, waɗanda aka ƙara wa ƙona wurare masu hargitsattsen lantarki, kashi 49, waɗanda aka ƙara wa layuka, kashi 46. Ƙarin bai ƙara komai ba sai tsawon lokacin aiki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashenmu AF yakan biyo bayan hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba, ko lalacewar murfin da ke tsakanin ɗakin hagu na sama da na ƙasa sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Irin wannan zuciya ɗakinta ya riga ya buɗe, ba ita aka auna a Hamburg ko Bern ba. Kuma ko wane makami aka yi aiki da shi, likita ne ke yanke ko za a ci gaba da shan maganin tsinka jini, bisa shekarun mutum da sauran cututtukansa, ba bisa yadda yake jin ƙirjinsa ba.

Abin da ke lalata bangon kuwa an auna shi a Adelaide ta Ostireliya. Prashanthan Sanders da abokan aikinsa suka bi mutum 149 masu ƙiba da aka yi wa aikin kateta. Daga ciki 61 suka yarda su shiga wani shiri na rage nauyi, daidaita hawan jini da sukari, barin taba, rage giya, da maganin ɗaukewar numfashi cikin barci. A rahoton 2014, kashi 87 na waɗannan sun zauna ba ciwo, na sauran kuwa kashi 17.8. Ba ƙuri'a ce ta raba su ba, su suka zaɓa, kuma mai yarda ya rage tuwo dama mutum ne mai kula da kansa, don haka a rage wa alƙaluman gishiri. Ko an rage, asibitoci da dama sun ɗauki darasin: kafin a ba mai ƙiba ranar aiki, sai an aza shi a sikeli, an auna jininsa, an kuma tambayi mai ɗakinsa ko yana minshari.